Idan Gwamnati Za Ta Karɓi Gonarka ko Gidanka Don Wani Aiki: Matakan Bi Tun Daga Ranar Jan Fenti

Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya bi ta Daura da Mashi da Katsina ya nufi Jibiya, ga kuma faɗaɗa tituna da yanka sababbin filaye, tambaya guda ake ta juya mini ta fuska daban-daban. Wani ya ce an kafa turaku a tsakiyar gonarsu. Wata ta ce an shafa wa katangar gidan marayunta jan fenti. Wanda tasa ta fi zafi shi ne mai cewa za a karɓi gonakin ƙauyensu a ba wani kamfani ya kafa masana'anta, shin doka ta yarda da haka?

Gwamna na da ikon karɓa, wannan babu ja. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannunsa bisa amana, kai abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne, kuma sashe na 28 ya ba shi damar soke wannan haƙƙi. Sai dai an gindaya masa sharuɗɗa uku: dalilin ya zama amfanin jama'a, a ba ka sanarwa a rubuce, a kuma biya diyya ba tare da jan rai ba. Matakan nan duk a kan waɗannan ukun suke tafiya. A bi su a jere, domin wanda ya tsallake ranar da ake ƙirga abin da ke gonarsa ko gidansa ya ruga kotu, hannu rabbana yake isa can.

1. Gano mai karɓa

Ranar da ka ga baƙi da na'urar safiyo a gonarka, yi musu sallama, ka tambaye su abu uku: wace ma'aikata ta aiko su, wane aiki za a yi, kuma wa ke ba da kuɗin aikin. Rubuta amsar da kwanan wata da lambar motarsu.

Masu ikon soke haƙƙi biyu ne kawai. Gwamna, sai kuma ƙaramar hukuma a kan filayen karkara waɗanda ba a ayyana su a matsayin birni ba. Ko Gwamnatin Tarayya, idan tana son fili a Jihar Katsina don layin dogo ko barikin soja, sanarwa take aika wa Gwamna, shi ne zai soke. Ɗan kwangila ba shi da wannan iko. Hakimi da magaji da mai unguwa, duk da girman da muke ba su, su ma ba su da shi. Shaidu ne su kuma masu isar da saƙo, amma saƙon baki daga fada bai zama sokewa ba.

Tambaya ta uku tana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan kuɗin aikin daga Bankin Duniya ya fito, kamar ayyukan ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa, akwai ƙa'idojin da suka fi na dokarmu sauƙi ga talaka, za mu zo kansu a mataki na 7.

Hattara: kada ka tuge turaku, kada ka goge fenti, kada ka bari yara su jefi ma'aikata. Da zarar an yi haka maganar ta tashi daga haƙƙinka ta koma ofishin 'yan sanda, kai da ya kamata ka nemi diyya sai ka koma neman beli.

Wani abu kuma, a tabbata karɓa ce ake yi ba rusau na saɓa ƙa'ida ba. Wanda ya tura shagonsa cikin titi, ko ya yi gini kan magudanar ruwa, ko ya karya sharuɗɗan takardarsa, hukuncinsa daban, kuma dokar ba ta tanadar masa diyya ba.

2. Nemi takardar sanarwa

Sanarwa a rediyo ba ta isa ba. Shela a masallaci ba ta isa ba. Ko bugawa a gazet, jaridar gwamnati, Kotun Ƙoli ta ce ita kaɗai ba ta wadatar ba. Doka ta ce takarda ce mai ɗauke da sa hannun jami'in da Gwamna ya ba izini, kuma sai ta iso gare ka haƙƙinka ke faɗuwa, ko kuma a ranar da takardar ta ambata idan tana gaba.

Sashe na 44 ya faɗi yadda za a isar da ita: a ba ka hannu da hannu, ko a ajiye a gidan da aka san kana zaune, ko a aiko ta gidan waya da rajista. Liƙawa a jikin gini ko bishiya sai an bincika an rasa sunan mai wurin ko adireshinsa.

Idan ta zo, karɓi abarka. Ƙin karɓa ba ya hana komai, sai ma ya hana ka sanin abin da ke ciki. Rubuta ranar da ta iso, ka yi mata kwafi uku, ka ɗauke ta hoto a waya. Sannan ka duba: an ambaci filinka da girmansa daidai? An faɗi takamaiman aikin da za a yi, ko kuwa an ce “amfanin jama'a” kawai an yi shiru? Kotuna sun sha cewa mai fili na da haƙƙin sanin ainihin dalilin, don ya samu damar musantawa.

Idan kuma har aka fara aiki ba a ba ka komai ba, rubuta wasiƙa zuwa Ma'aikatar Filaye ta jiha, ko sakatariyar ƙaramar hukuma idan ita ce, ka ce ba a ba ka sanarwa ba. Kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a dawo maka da shi. Wannan kwafi mai hatimi, kuɗinsa bai wuce na buga takarda ba, amma a gaban alƙali ya fi shaidu goma.

Hattara: idan sayen filin ka yi, ba ka canza suna a fayil ba, sanarwa sunan mai wurin na farko za ta ɗauka, haka ma jerin masu diyya. Nemo shi tun yanzu, ku je tare a gyara.

3. Auna dalilin da aka bayar

Nan ne amsar mai tambayar kamfani take, kuma ba ta da daɗin ji gaba ɗaya.

Sashe na 51 ya jero abin da ake nufi da amfanin jama'a. Akwai waɗanda kowa ya sani: titi, layin dogo, makaranta, wutar lantarki, tsaftar gari. Amma a cikin jerin har da tsara birni ko ƙauye, da bunƙasa tattalin arziki ko masana'antu ko noma, da kuma amfanin kamfanin da gwamnati ke da hannun jari a cikinsa. Wato jin sunan kamfani kaɗai bai isa ka ce an saɓa doka ba. Idan gwamnati ta tsara unguwar masana'antu, ko tashar sauke kaya irin ta Funtuwa, ta kawo 'yan kasuwa su yi aiki a ciki, da wuya kotu ta rushe wannan.

Abin da kotunanmu suka ƙi shi ne a ƙwace daga hannun Audu a miƙa wa Bala don ribar Bala. Tun a 1974, kafin ma wannan doka, an karɓi wani fili a Warri aka ba kamfanin McDermott haya, Kotun Ƙoli ta ce wannan ba amfanin jama'a ba ne. A 1991, a shari'ar kamfanin Foreign Finance, ta sake jaddada cewa ba a soke haƙƙin wani don a ba wani. A 2012 kuma, a shari'ar Goldmark da Ibafon, fili ne a Legas da aka karɓa da sunan Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, sai ga shi a hannun 'yan kasuwa suna harkarsu. Kotun ta soke karɓar, saboda an karkatar da filin kuma ba a ba masu shi sanarwa ba.

Ba mu kaɗai ke wannan taƙaddama ba. A Amurka, a 2005, Kotun Ƙolinsu ta yarda birnin New London ya karɓi gidajen mutane don wani shirin bunƙasa gari da aka ɗora kan zuwan kamfanin magunguna na Pfizer, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Jama'a suka fusata, jihohi fiye da 40 suka tsaurara dokokinsu, a 2009 kuma kamfanin ya ce zai bar garin, filin ya yi shekaru ba a gina komai a kai ba. Mu a nan kalmar “bunƙasa tattalin arziki” tana nan daram a cikin doka, iyakarta a bakin alƙalai take. Shi ya sa hujja ce ke raba gardama, kuma kai ne za ka tara ta.

Ga tambayoyin da za ka nemi amsarsu, a rubuce in da hali. Sunan wa za a sa a sabuwar takardar filin, gwamnati ko kamfani? Gwamnati na da hannun jari a kamfanin? Akwai taswirar tsari da hukuma ta amince da ita, ko kuwa filin mutum ɗaya aka zagaye? Girman da aka shata ya yi daidai da aikin, ko aikin hekta 5 ne aka ɗebi 50? Sai babbar: kamfanin ya taɓa aiko dillali ya taya gonar, kuka ƙi, sannan daga baya takardar gwamnati ta biyo? Idan haka ta faru, riƙe sunan dillalin da ranar da farashin da ya taya. Lauya zai yi murna da wannan.

Idan aikin babba ne, dokar duba tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa ana baje rahoton aikin a bainar jama'a, yawanci kwanakin aiki 21, a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma. Taswira da girman fili da sunan mai aikin duk suna ciki. A tura ɗan boko guda ya karanta, ya ɗauko hoton shafukan da suka shafe ku.

Daga nan sai ka yanke shawara, kuma ka yanke ta da wuri: karɓar ce kake ƙalubalanta, ko kuwa ka yarda a karɓa, kuɗin ne kake so ya yi daidai? A ganina, idan titi ne ko layin dogo ko asibiti, kada ka ɓata ƙarfinka wajen hanawa, zuba shi kan diyya. Idan kuwa alamu sun nuna aljihun mutum ɗaya za a cika, to je wurin lauya kafin ka taɓa ko sisi.

4. Tara hujjar cewa naka ne

Mai takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, aikinsa ya yi sauƙi: kwafinta, da rasiɗan kuɗin ƙasa, da izinin gini. Idan tana banki a jingine, sanar da bankin, domin shi ma yana da haƙƙi a cikin diyyar.

Mafi yawan mutanenmu ba su da ita, kuma ana yawan tsorata su da cewa marar takarda ba shi da diyya. Wannan ba gaskiya ba ne. Sashe na 34 da na 36 sun ɗauki wanda ke riƙe da gida ko gona tun kafin 1978 tamkar an ba shi haƙƙin, magadansa kuma sun gaje shi. Abin da ake buƙata shi ne ka nuna hakan: takardar rabon gado daga kotun shari'a, takardar ciniki mai sa hannun shaidu, wasiƙar mai unguwa da magaji ko dagaci, da maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa. Mai filin awon igiya shi ma ya kawo takardar cinikinsa da ta wanda ya sayar masa.

Ainihin takardu su zauna a gida. Kwafi ake bayarwa, ko wa ya tambaya.

5. Daidaita cikin gida, sannan a ɗauki masani

Gonar gado da ba a raba ba ita ce ta fi jawo rigima. Ku zauna kafin ranar ƙirga, maza da mata, a rubuta sunan kowane magaji, har da matar mamaci da marayu da wadda ke aure a wani gari. A zaɓi wanda zai tsaya, a rubuta cewa wakili ne ba mai gona ba, kowa ya sa hannu. Idan an kasa jituwa, kotun shari'a ta raba. In ba haka ba, sunan babban wa kaɗai zai shiga jeri, kuɗi su faɗa asusunsa, zumunci ya lalace.

Haka gonar aro ko haya ko jingina. Dokar ta ambaci mai haƙƙi da mai amfani, kowa da gwargwadon abin da yake da shi a wurin. Wanda ya shuka gero shi ke da kuɗin gero, mai gona ke da na itatuwa da rijiya. A faɗa wa masu ƙirga haka, a rubuta sunaye biyu.

Sai ku haɗu da sauran waɗanda abin ya shafa ku ɗauki mai ƙiyasin kadara. Gwamnati na da nata, ku ma kuna da damar kawo naku. A tabbata yana da rajista da hukumar ESVARBON mai yi wa masu ƙiyasin kadara rajista, a nemi lambarsa da hatiminsa. Yawanci ba sa karɓar kuɗi a gaba, kaso suke ɗauka idan an biya, abin da aka fi ji shi ne kashi 10 cikin 100, kuma idan kuna da yawa ana ragi.

Hattara: zai kawo takardar wakilci ku sa hannu. A karanta muku ita da Hausa. Ta ba shi ikon ƙirga da jayayya a madadinku, amma kada ta ba shi ikon karɓar kuɗinku. Kasonsa ya fito da lamba a rubuce. Duk wanda ya zo da daddare yana cewa yana da hanya a ma'aikata, a ba shi wani abu ya ƙara muku itatuwa a takarda, ku sallame shi. Ranar da asiri ya tonu, har na gaskiyar sai an riƙe.

6. Ranar ƙirga

Duk jagorar nan, wannan rana ce ta fi nauyi. Tun ran gini ran zane: abin da bai shiga takarda yau ba, da wuya ya shiga gobe.

Kafin ranar, yi taka ƙirgar. Ɗauki littafi da waya da igiyar awo, ku zaga da shaidu biyu. A gona, ƙirga kowace bishiya da sunanta da girmanta: ɗorawa, kuka, tsamiya, mangwaro, goruba, giginya, kanya, gawo, bedi, har zogale da lallen da aka yi shinge da su. Ana biyan mai 'ya'ya fiye da matashiya, matashiya fiye da dashe, don haka kada ka bari a rubuta mangwaron da ya shekara ashirin yana ciyar da gida a matsayin ƙarami. Rubuta abin da aka shuka da faɗin da ya ci. Idan gero da wake da gyaɗa ne a haɗe, a ambaci ukun. Rijiya, kwanciyar bututun ban-ruwa, rumbu, bukka, shingen waya, duk aikin hannu ne, duk suna da kuɗi.

A gida, auna kowane ɗaki tsawo da faɗi. Faɗi irin ginin, bulo ne ko ƙasa, rufin kwano ko soro, daɓen siminti ko tayil. Mutane kan ƙirga ɗakuna su manta da zaure, katanga, ƙyaure, masai, rijiyar burtsatse, tankin ruwa, wayar wuta, turken dabbobi da ɗakin girki. Idan kana da rasiɗan siminti da kwano, fito da su. Wanda ya cike kududdufi ko ya yi aikin tare zaizaya, dokar ta ce sai ya kawo shaidar abin da ya kashe, to a nemo ta.

Ɗauki bidiyo kana tafiya kana faɗin kwanan wata da sunan wurin. Tura wa wani ɗan'uwa kwafi, saboda waya na ɓata.

Ranar da suka zo, ka kasance a wurin da kanka, ko kasuwa ce ta ci a bar ta. Bi su ƙafa da ƙafa. Idan mai gidan mace ce mai kulle ko mai takaba, ta wakilta wanda ta amince da shi, amma sunanta za a rubuta, ba nasa ba. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, a karanta maka abin da aka rubuta, ka gwada da littafinka. Inda aka samu bambanci, a koma a sake ƙirgawa a take. Nemi kwafi, in an hana ka ɗauki hoton takardar, ka kuma riƙe lambar da aka ba filinka.

Hattara: kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce rana ta yi za a cike a ofis. Kada kuma ka tashi sabon gini ko ka dasa itatuwa cikin dare bayan an kafa turaku. Ana sa ranar rufe ƙirga, abin da ya biyo bayanta asara ce.

Idan amfanin gona ya kusa nuna, roƙi a ba ku lokacin girbi, a rubuta ranar da za ku tashi.

7. San abin da doka ke biya

A nan ne hankalin mutane ke tashi, gara ka ji tun yanzu. Sashe na 29 ba ya biyan ƙimar filin kansa. Abin da ya tanada kan fili shi ne a mayar maka da kuɗin ƙasa da ka biya gwamnati a wannan shekarar, in ka biya. Fili fetal a bakin titi, wanda dillalai ke taya shi miliyoyi, a lissafin dokar kusan babu komai a kansa. Ni dai ina ganin nan ne dokar ta fi cutar talaka, amma haka take, kuma sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki ya kafe ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin.

Gini kuwa, ana lissafa abin da za a kashe a sake irinsa, a cire ragin tsufa. A ce sake ginin gidanka zai ci naira miliyan 10, aka yi ragin kashi 30, za ka tashi da miliyan 7. Idan mai ƙiyasinka na da kashi 10, ya ɗauki 700,000. To ka ga inda jayayya take: farashin siminti na wace shekara aka yi amfani da shi, kuma me ya sa ragin ya kai haka? Idan an yi jinkirin biya, dokar ta ce a ɗora ƙari gwargwadon ƙimar banki a kan kuɗin gini. Ko kai ba ka son wannan ƙari saboda addini, sanin yana nan zai taimake ka ka matsa a sake ƙiyasi da farashin yau.

Amfanin gona da itatuwa, jadawalin farashi ake bi. A 2024 Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya, ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa, ta fitar da sabon jadawali don ayyukan Tarayya bayan tsohon ya daɗe bai motsa ba. Tambayi wane jadawali aka yi maka aiki da shi, na wace shekara.

Akwai tanadi biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa, sashe na 6 ya wajabta mata ba ka wata gonar. Idan kuma ta ƙi biyan diyya, Gwamna na iya sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. Na biyu, mai gidan zama ana iya yi masa tayin wani matsuguni maimakon kuɗi. Je ka ga wurin da idonka kafin ka amsa, domin in ka karɓa an rufe maganar diyya, in kuma sabon ya fi naka tsada, rarar bashi ce a kanka.

Ayyukan Bankin Duniya ba sa cire ragin tsufa, suna lissafa ƙimar filin, suna kuma tallafa wa ko wanda ba shi da takarda, kuma dole a kafa kwamitin karɓar koke. Idan kamfani ne zai amfana, babu dokar da ta hana shi biya sama da jadawali. Ku yi ciniki a ƙungiyance: fulotai, wata gonar, rijiya, hanyar shanu. Alkawarin “za mu ɗauki 'ya'yanku aiki” in ba a takarda yake ba da adadi da sa hannu, ku ɗauka ba a yi shi ba.

Filin gari, kamar makiyaya ko filin idi, Gwamna na iya biyan diyyarsa ga al'umma, ko ta hannun shugabanta, ko cikin wani asusu. Ku nemi a faɗi adadin a bainar jama'a. Maƙabarta kuwa a fara neman a kauce mata tun a taswira.

8. Kai ƙorafi a rubuce

Idan adadin bai yi maka ba, sashe na 30 ya ce a kai maganar gaban Kwamitin Amfani da Ƙasa da Rabon Filaye na jiha. Wasiƙar ta zama gajera: lambar filinka, abin da aka rubuta, abin da aka tsallake, rahoton mai ƙiyasinka, hotuna. Ban da zagi, ban da siyasa. A buga hatimi a kwafinka.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna da ofis a Katsina, kuma ba a biyan kuɗi. Ta farkon ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12, ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban kotu.

9. Kotu

Za ka ji ana cewa doka ta hana kotu duba yawan diyya. Sashe na 47 ya faɗi haka, amma a 1986, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan hani ya ci karo da Kundin Tsarin Mulki, a wata ƙara da aka kai Gwamnan Kaduna. Kundin 1999 ma, a sashe na 44, ya ba duk wanda aka karɓi kadararsa damar zuwa kotu kan haƙƙinsa da kan adadin diyya.

Babbar Kotun Jiha ake zuwa, tana zama a Katsina da Daura da Funtuwa. Bar lauya ya tantance wa za a kai ƙara, domin wasu hukumomi sai an ba su sanarwa kafin a shigar da su, kuskure a nan kuwa na cinye shekaru. Idan karɓar kake ƙalubalanta, ya nemi umarnin dakatar da aiki tun katafila ba ta shigo ba. Bayan an rushe, sai dai maganar kuɗi.

Ku yi yarjejeniyar kuɗin lauya a rubuce, a ware na shigar da ƙara da na zirga-zirga. Mutum ashirin su ɗauki lauya ɗaya ya fi sauƙi nesa. Marar hali ya gwada ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Hattara: akwai dokar kare jami'an gwamnati mai ba da wa'adin wata 3 kacal na kai su ƙara. Kotuna sun sha cewa ba ta shafi ƙarar neman fili ba, amma lauyoyin gwamnati kan jawo ta, ka shekara kana gardama a kanta. Shigar da ƙararka kafin wata ukun su cika.

10. Ranar biya

Buɗe asusu da sunanka, ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na jerin masu diyya. Bambancin Muhammadu da Mamman kaɗai na iya riƙe kuɗi wata da watanni. Gwada adadin da ke takarda da wanda ya shigo, ka adana saƙon banki.

Takardar da ake sa wa hannu a ranar galibi tana cewa an biya ka duka, ba ka da sauran magana. Idan kana da ƙorafin da ba a warware ba, nuna wa lauya kafin ka sa hannu, ko a rubuta a jiki cewa ka karɓi wannan a matsayin wani ɓangare. Wanda ke ƙalubalantar karɓar kanta, kada ya karɓi kuɗin sam sai da shawarar lauyansa, don za a ce ya amince.

Tambayi ko an yarda ka kwashe kwano da ƙofofi da katako, da kwana nawa aka ba ka. Idan rabin filin aka ɗauka, a sake auna ragowar, a gyara takardarka ta nuna sabuwar iyaka.

11. Ci gaba da sa ido a kan filin

Kada ka yar da fayil ɗinka don an biya. Idan an karɓa da sunan makaranta, bayan shekara biyu ka ga an yanka fulotai ana sayar wa masu hali, ko gidan mai ya tashi a wurin, irin abin da ya faru a shari'ar Ibafon ke nan. Ɗauki hoton allon da aka kafa da ginin da ake yi, da kwanan wata. Sa lauya ya nemi binciken fayil a ofishin filaye don a ga sunan wanda aka ba, ya haɗa da takardar sanarwarka ta farko wadda ta faɗi dalilin karɓa. Ƙarar fili ma tana da wa'adi, don haka a rubuta wa ma'aikatar a cikin watan da aka ga an fara aza tubali.